Mai Tsaron Ƙofa Ya Sayar da Gari

Shekara bakwai Malam ya yi yana rubuta wasan kwaikwayo guda ɗaya, kuma a cikin shekarun nan babu wanda ya roƙe shi ya yi sauri. Shekara talatin da ɗaya ya koyar da tarihi kafin ya yi ritaya. Ɗalibansa Shafi-Nawa suke kiransa, don ko cewa ka yi an yi ruwa jiya, sai ya dube ka ta saman tabarau kamar zai tambaye ka littafin da ka gani a ciki. Bayan rasuwar matarsa ya koma ɗakin baya a gidan 'yarsa, da akwatin littattafai huɗu da wani tebur mai ɗingishi. Masu ta'aziyya sun ba shi shawara ya nemi abin da zai ɗebe masa kewa. Kiwon kaji suke nufi. Shi kuwa sai ya ɗauki alƙalami.

Abin da ya zaɓa shi ne ƙawanyar da maƙiya suka yi wa garin a zamanin kakannin kakanni. Kowa ya san labarin, kuma babu komai a cikinsa. Maƙiya sun zo sun zauna a bayan ganuwa, mutanen gari sun zauna a ciki, aka yi ta kallon juna kwana arba'in, sannan maƙiya suka naɗe kayansu suka tafi. Ko kibiya ɗaya ba a yi asara ba. Malam ya daɗe da sanin cewa tarihi bai iya ba da labari ba. Tarihi sai ya kashe babban mutum da zazzaɓi ranar Talata da hantsi, ya bar wawa ya kai shekara casa'in. Ɗan kallo kuwa ba zai zauna kwana arba'in a kan benci ba. Dole a sa masa wani abu a maƙogwaro wanda ba zai iya haɗiyewa ba sai an ja labule.

A shekara ta biyu Malam ya samu abin. Akwai wani kundi da magatakardan wancan zamani ya rubuta. Asalin kundin, gara ta cinye shi tun tuni, sai kwafin da wani akawu ya buga da tafireta, yana nan a ɗakin karatu na gari, a ƙarƙashin tarin tsoffin jaridu. Kwana talatin da bakwai na farko magatakardan bai rubuta komai ba sai iska da rana da wanda jakinsa ya ɓata. Sai ga wannan:

"Rana ta talatin da takwas: mai tsaron kofar yamma ya sayar wa makiya gari. Rana ta arba'in: makiya suka tashi."

Malam ya karanta, ya cire tabarau ya goge, ya sake karantawa. Maci amana! A garin nan, a ƙofar yamma, inda yanzu ake facin taya. Ya bincika ya tarar zuriyar mutumin suna nan, kuma har yau ana kiran gidansu Gidan Mai-gari, alhali ba su taɓa mulkin ko lungu ba. Wato maƙiya sun yi masa alkawarin sarauta ke nan, sunan ya bi shi har kabari. Saura tambaya ɗaya: in an sayar musu da gari, me ya sa suka tafi bayan kwana biyu? Kundin bai ce komai ba. A nan ne mutumin da ya kayar da yara ɗari-ɗari a jarrabawa saboda sun rubuta abin da ba ya cikin littafi ya zauna ya ƙirƙiro amsa. Mai tsaron ƙofa ya karɓi alkawari, ya riƙe makulli, an ce ya buɗe kafin zakara ya yi cara sau uku. Zakara ya yi na ɗaya, ya yi na biyu. Sai nadama ta kama shi, ya hau ganuwa ya tona kansa da jawabi mai shafi huɗu, gari ya farka, maƙiya suka ga asiri ya tonu. Jawabin nan shi kaɗai ya ci wata goma sha ɗaya. Malam yakan karanta wa kansa shi da rana tsaka, ya yi ƙwalla, ya leƙa ko wani ya gani.

Wanda ya yarda zai ɗora wasan a dandamali mijin 'yarsa ne. Sana'arsa koyar da tuƙin mota, amma ya taɓa fitowa a wani wasa yana makaranta, tun daga nan yake so a ce masa Darakta. Shugabar wata makarantar firamare ta ba su aron zauren taro na rana ɗaya tak, Asabar bayan la'asar, domin ranar Litinin za a fara cire rufin. Malam ya san ba zai ga wata Asabar irin wannan ba. Yana da shekara saba'in da ɗaya, kuma ba shi da wani surukin.

Ranar Laraba ana gwaji. Zauren na warin alli da tsohon fenti, fanka ɗaya ce ke juyawa, ita ma da ƙorafi. An jera tebura shida an lulluɓe da buhunan siminti, ita ce ganuwa. A kanta Mahauci yake tsaye, mutum mai faɗin ƙofar shago, wanda aka ba shi matsayin mai tsaron ƙofa saboda ana jin muryarsa daga wannan bakin kasuwa zuwa wancan.

"Birki! Birki!" in ji Darakta. "Wa ya ce ka juya? Ka ba da sigina tukuna, mutane su san nadama na zuwa. Koma ribas, ɗauko daga zakara na biyu."

Mahauci ya koma, ya dafe ƙirji da hannu biyu, ya buɗe maƙogwaro.

"Ku tashi, jama'a! Ni ne! Ni na sayar da gari!"

"Ja shi," in ji wata murya daga baya.

Duk suka waiwaya. Wata tsohuwa ce zaune a bencin 'yan aji ɗaya, gwiwoyinta sun kusa kai haɓarta, ta dogara da lema. Babu wanda bai san ta ba. Ungozoma ce, ta yi shekara hamsin tana aikin, rabin mutanen da ke zauren ita ta fara ganin fuskarsu, da sauran jikinsu ma.

"Iya, sannu da zuwa," in ji Mahauci daga kan ganuwa, muryarsa ta koma ta ɗan akuya. "Me zan ja?"

"Kalmar. Kana ta yanke ta kamar kana yanka wa talaka nama. Gaari. Ja shi."

Malam ya taso da takardunsa a hannu. Ya gaishe ta yadda ya kamata, ya tambayi ƙafa, ya tambayi jikoki, sannan ya yi mata bayani a hankali, irin yadda ake yi wa wanda bai yi makaranta ba, cewa ana maganar birni ne, wurin zaman mutane.

"Ana maganar kakan kakana ne," in ji ta. "Jikata ta ce kun buga takarda kun manna a bangon asibiti, wai labarin maci amanar ƙofar yamma. Na ce bari in zo in ga wanda ya haifu. Ashe kai ne, Malam. Ni da na karɓi 'yarka, tana fitowa da ƙafa, kana waje kana karatu."

"Iya, ba ni na faɗa ba. A rubuce yake."

"Karanta min."

Ya karanta mata, da muryar aji.

"To, ai daidai ne," in ji Iya. "Ya sayar musu. Buhu talatin. Kai ne dai ba ka iya karatu ba."

Mahauci ya zauna a kan ganuwa, ta yi ƙara. Iya ta gyara lema ta ba da labarin kamar yadda kakarta ta ba ta. Mutumin tsaron ƙofa aikin gwamnati ne a wurinsa, sana'arsa ta gaskiya niƙa ce. Kafin maƙiya su zo ya tara garin tuwo buhu talatin da huɗu a wani ɗaki a gindin ganuwa, yana jiran ya yi tsada. Rufin ɗakin ya yi yoyo. Garin ya jiƙe, ya yi kore, ya yi baƙi, ya fara wani wari. Mutanen gari da ke cikin yunwa ma suka ce sun gode. Sai ya leƙa ta saman ganuwa ya ga dubban mutane a waje, su ma abincinsu ya ƙare, kuma ba su san shi ba. Ya shanya garin, ya tankaɗe, ya zuba mai kyau tafi ɗaya a bakin kowane buhu, ya zura musu da igiya.

"Suka ci ranar. Washegari babu mai iya ɗaura wando. Ka taɓa ganin an ci gari da yaƙi a tsugune? Rana ta uku suka kwashi kansu."

"Wato dabara ya yi!" in ji Darakta, idonsa ya kawo haske. "Jarumi ne! Ya ceci al'umma!"

"Wace al'umma? Shi dai ba ya son asara. An ce ya yi kwana uku yana baƙin ciki da suka tafi, don akwai sauran buhu huɗu."

Malam ya gyara tabarau. Ya kamo abu na ƙarshe da ya rage masa.

"To sunan gidanku fa? Gidan Mai-gari. Ba alkawarin sarauta ba ne?"

Iya ta dube shi tsawon lokaci, irin kallon da take yi wa miji in ya tambaya ko za a iya dakatar da naƙuda sai ya dawo daga kasuwa.

"Malam, injin niƙa biyu ne a ƙofar gidanmu. Kullum ta nan kake wucewa. Kana toshe kunne ma."

Haka ne. Shekara arba'in yana wucewa yana toshe kunne. A takarda ya ga sunan, kuma a takarda baƙaƙe huɗu ne, ba ruwansu da wanda ya ja da wanda bai ja ba. Akawun da ya buga kwafin ya mutu bai san abin da ya ƙulla ba. Takarda tana iya yin shiru ta bar kowa da fahimtarsa. Bakin Mahauci kuwa dole ya zaɓi ɗaya ranar Asabar, a gaban mutum ɗari uku.

"Ni ba zan kai kowa ƙara ba," in ji Iya tana miƙewa gaɓa-gaɓa. "Zan dai zo in kalla, ni da 'yan gidanmu. Ba mu da yawa, ba za mu wuce sittin ba." Ta nuna Mahauci da lema. "Kai kuma, kilo biyar ka zo duniya, uwarka har yau ba ta yafe maka ba. Ka tsaya a gabana ka zagi kakana in gani."

Da ta fita, Darakta ya matso kusa da Malam.

"Baba, akwai hanya," in ji Darakta. "A bi tsakiyar titi. Kada ya ja, kada ya yanke. Kowa ya ji abin da yake so."

Aka gwada. Mahauci ya ce gari, ya ce gaari, ya ce wani abu mai kama da kukan rago. Ya gwada da tari a tsakiya. Ya gwada yana juya wa 'yan kallo baya. A karo na tara ya sauko, ya ce shi wallahi a cire shi, gara ya yi zakara.

"Wasan yana nan yadda yake," in ji Malam. "Tatsuniyar tsohuwa ba hujja ba ce."

Ya faɗa da ƙarfi, don ya riga ya san gaskiya ta faɗa. Labarinta ya amsa tambayar da ya yi shekara biyar yana rufewa da zakara.

Washegari da safe bai fito shan shayi ba. Wajen ƙarfe tara ya fito falo ya tarar da 'yarsa tana guga, tana shirin tafiya kantin magani inda take aiki. Wannan 'ya tana ƙaunarsa, amma sau uku ya karanta mata jawabin nadama, sau uku tana barci kafin shafi na biyu, ta farka ta ce ya yi daɗi. Mijinta ya dawo jiya ya ce mata kawai an samu ɗan cunkoso a wurin gwaji.

Malam ya zauna ya ba ta labarin, ba don ta ji ba, don ya ji ɗacin a bakinsa. Shekara bakwai a kan ɗan kasuwa mai ruɓaɓɓen kaya. Ya kai inda aka zura buhu na farko da igiya.

"Tsaya, Baba. Ba su buɗe ba?"

"Sun buɗe mana. Wa zai sayi buhu a rufe?"

"To ba su shinshina ba?"

"Ya zuba mai kyau a sama."

"In wani ya tura hannu har ƙasa fa? Shi yana ina lokacin? Yana saman ganuwa yana kallonsu? Kai! Ni da guduwa zan yi. To sai aka yi yaya?"

Malam ya buɗe baki zai ci gaba. Hancinsa ne ya fara ji, sannan ya ga hayaƙi siriri yana tashi daga ƙarƙashin dutsen guga. Ta ɗaga da sauri. Hoton dutsen ya fito sak a bayan farar rigar mijinta, har da ramukansa.

"Wayyo, rigar da zai sa ranar Asabar!"

Malam ya daɗe yana duban ƙunar nan. Bai taɓa samun yabo irinsa ba, kuma ba nasa ba ne, na mai niƙa ne. Ga shi ta san ƙarshen labarin tun tana aji uku, ta san maƙiya sun tafi, amma ta manta da wuta a hannunta saboda wani mutum zai tura hannu cikin buhu. Ya tashi ya koma ɗaki ba tare da ya yi mata jaje ba.

Kwana biyu ya yi yana yanka. Zakara ya tafi, alkawarin sarauta ya tafi. Jawabin nadama ya cire shi da hannunsa, ya ninke, bai yaga ba, ya sa a ƙasan akwati inda takardun asibitin matarsa suke. Kwana talatin da bakwai ya matse su a minti goma. Ya nuna wa 'yan kallo garin tun da wuri, kore shar, ya sa matar mai tsaron ƙofa ta shinshina ta yi waje da gudu, don kowa a zauren ya san abin da ke cikin buhu, ban da masu saye. Ya ba maƙiya kuku mai mura. Ya ba su shugaba mai zargi, wanda bai yarda da ko uwarsa ba. Darakta ya karanta ya ce, "Baba, wannan motar ai ba ta buƙatar turi."

Ranar Asabar zauren ya cika har tagogi. 'Yan Gidan Mai-gari sun cinye layi huɗu na gaba, wasu da farar ƙurar gari a gira, daga wurin aiki suka zo. Malam ya tsaya a bayan labule, inda ba ya ganin kowa sai ƙeyar Mahauci.

Aka zura buhu. Kuku mai mura ya shinshina ya ce shi bai ji komai ba, aka yi dariya. Sai shugaban maƙiya ya ture shi, ya naɗe hannun riga, ya dubi Mahauci a saman ganuwa, ya tura hannu cikin buhun. Wuyan hannu ya shige. Ya ci gaba har gwiwar hannu. Ya zaro, ya duba yatsunsa, ya fara ɗaga ɗaya zuwa bakinsa a hankali.

Zauren ya mutu. Babu tari, babu motsin benci, wani jariri da ya yi ta kuka tun farko ma kamar an ba shi labari. Malam ya rufe ido ya ƙirga. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Zufa na bin ƙeyar Mahauci, ta gaske. Bakwai, takwas. Shekara talatin da ɗaya a gaban allo bai taɓa samun shiru irin wannan ba sai da bulala.

"Kada ka lasa!" wani ya ƙwala daga can baya.

"Rufe mana baki!" in ji wata mata. "Kai ɗan wane gari ne?"

Zauren ya fashe. Shugaban maƙiya ya lasa, ya yi tunani, ya ce a sauko da sauran ashirin da tara. Daga nan har aka ja labule ba a ƙara jin rabin maganar 'yan wasa ba. A fitowa ta ƙarshe, da mayaƙa suka riƙa ficewa ɗaya bayan ɗaya suna tafiyar hankali, wani tsoho sai da aka fitar da shi waje ya sha iska.

Aka yi ta zuwa ana girgiza wa Malam hannu. Tsoffin ɗalibansa, masu furfura yanzu, suna cewa ashe Malam ɗan barkwanci ne, duk shekarun nan ya ɓoye musu. Shugabar makaranta ta ce in an gama rufi ya kawo wani mai ban dariyar. Malam yana ta cewa madalla, fuskarsa kamar ta mai karɓar gaisuwar mutuwa. Ya so ya sa gari kuka, ga shi an ba shi matsayin da ya fi rainawa a duniya, kuma abin da ya fi ba shi haushi, ƙirjinsa fal yake da daɗi.

Iya ce ta ƙarshe. Jikoki biyu na riƙe da ita, ta tsaya a gabansa ta dube shi sama da ƙasa.

"Ba laifi," in ji ta. "Ƙaton nan ma ya yi ƙoƙari, har tsayuwar 'yan gidanmu ya yi. Amma ka yi mana ƙarya ɗaya."

"Kukun ne, Iya? Na san babu shi a..."

"Wa ya damu da kuku? Wurin da aka gama ciniki, ka sa ya ɗebo tafi biyu ya ƙara musu, wai gyara." Ta buga lema a ƙasa. "A gaban jama'a, Malam. Yanzu gobe kowa zai zo injinmu yana miƙo kwano. Mu a gidanmu ba a taɓa yin gyara ba."

Malam ya laluba aljihu ya ciro jan biro, ya buɗe shafi na talatin da biyu a kan gwiwarsa, ya soke layin.